Kwandon da Yaya Hajara ta ajiye a ƙofa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta. Ruwan fadama ya fara ja da baya a lokacin, kamar yadda yake ja yanzu da nake wannan rubutu, masunta suna ta shigowa Haɗeja da tarwaɗa da karfasa, unguwarmu ta ɗauki ƙamshin hayaƙi. Ni ƙanenta ne, autan ɗakinmu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ga ni da furfura, ga jikoki, amma ita dai “Auta” take cewa, ko da a gaban surukaina ne. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta.

Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, don ban san ta ina zan kamo ba. Bana na samu bakin zaren. Gidan bandar da ta bari, wanda gidaje da yawa a unguwarmu suke ci daga gare shi, saura ƙiris ya durƙushe a bara. Abin da ya kusa kayar da shi da abin da ya tayar da shi duk suna komawa ga wani kwando da ta ajiye a bakin ƙofa. Labarin kwandon nan zan ba ku.

Ga wanda bai taso a bakin kogi ba, banda ita ce gasa kifi da hayaƙi har ya bushe, ya iya doguwar tafiya bai lalace ba. A wanke shi, a naɗe, a soke da tsinke, a jera a kan raga bisa wuta, a yi ta juyawa. Duk gwanintar mutum sai wani ya ƙone, wani ya karye, wani ya fito da ɗanye a cikinsa. Abin da muka taso muka tarar shi ne, irin wannan kifin ba a maganarsa. Wadda ya ƙone a hannunta ta tura shi ƙarƙashin masu kyau don kada uwar ɗaki ta gani. Ita ma uwar ɗakin ta cusa shi tsakiyar kwali don kada mai saye ya gani. Mai saye sai ya kai can Kudu ya buɗe, ya yi ta tsinuwa shi kaɗai. Kowa ya san ana yi, kowa ya kawar da kai.

Yaya ta gaji sana'ar ne daga innarmu, kuma ta yi shekaru tana yi kamar yadda kowa yake yi. Ban san abin da ya hau kanta ba, wata safiya kawai sai ga ta da wani ƙaton kwando, ta dire shi a zaure, daidai inda duk mai shiga sai ya kusa tuntuɓe da shi. Ta tara matan da suke mata aiki ta ce daga yau duk kifin da ya sami matsala nan ne mazauninsa. Ba za a tambayi wa ya yi ba, har abada. Abin da za a tambaya shi ne me ya jawo. Matan suka kalli juna, babu wadda ta motsa, don sun san halinta da faɗa. Sai ta shiga ciki ta ɗauko wata tarwaɗa da ta ƙone ƙurmus a murhun da ita kanta take kula da shi, ta jefa a ciki ta ce, “Ga nawa.” Mutum ɗaya ne a gidan yake da izinin ambaton kansa a bakin kwandon nan, wato ita mai gidan.

Unguwa ta samu abin yi da baki. Innarmu tana da rai a lokacin, ta kira ta ɗaki ta ce, “Hajara, anya lafiyarki ƙalau? Kowa yana rufa wa kansa asiri, ke kin kwaso naki kin shanya a zaure?” Yaya ta ce, “Inna, na gaji da ƙona kifi iri ɗaya kullum ban san dalili ba.” Ni ma ina cikin masu dariyar, don duk lokacin da na shigo sai na leƙa kwandon na tambaye ta yaya kasuwar ƙonannu. Ta ce in wuce in ba ta wuri kafin ta saka ni a ciki.

Da farko kwandon bai yi wani abin kirki ba, gaskiya. Idan an yi la'asar a taru a dube shi, a raba wa matan abin da zai ciwu su kai gida su yi miya, shi ke nan. Washegari an manta yadda na jiya yake. Wata ta ce jiya ya fi yawa, wata ta ce ƙarya ne, a tashi da musu. Sai da waya ta shigo hannunta sannan abin ya kankama.

Ɗanta na fari, Bukar, shi ya kawo mata ita lokacin yana karatun kasuwanci a babbar makaranta. Irin mai shafe-shafen nan. Yaya ba ta yi boko ba, allo ta yi, kuma ranar farko ta juya wayar ta ce wannan ai madubi ne. Amma abu biyu ta koya, kuma su biyun ta riƙe har ƙarshen rayuwarta: ɗaukar hoto da aika saƙon murya. Kullum bayan la'asar, kafin a taɓa kwandon, sai ta tsaya a kansa ta ɗauki hotonsa daga sama. Daga nan matan su kewaye ta, ta riƙa ja da yatsa, ga na jiya, ga na shekaranjiya, ga na makon da ya wuce. Musu ya ƙare, don hoto ba ya goyon bayan kowa.

A nan suka fara ganin abin da shekara da shekaru yana gabansu ba su gani ba. Ranakun da kwandon ya fi cika da karyayyen kifi su ne ranakun da masunta suka iso gaba ɗaya da hantsi. Kifi ya taru a baho yana jiran hannu, rana ta buge shi ya yi laushi, ana naɗewa yana karyewa. Ashe ba hannun matan ba ne, jira ne. Sai ta bi masuntan ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su su riƙa yi mata saƙon murya tun suna kan ruwa. Na sha zama kusa da ita in ji murya tana fitowa da ƙarar iska a bayanta: “Hajiya, yau da dama-dama, tarwaɗa ce ta fi yawa, muna tafe.” Kafin su iso ta san murhu nawa za a hura, ta san wanda za ta ce ya fara zuwa da wanda zai ɗan dakata a ruwa. Itace ya daina ci a banza, kifi ya daina zaman jira.

Bayan wannan sai hotunan suka nuna mata kifin da ƙwari suka ci, kuma duk daga ɗakin ajiya yake fitowa. A wurin masu banda, ɗaki cike da kwalaye har rufi shi ne alamar mutum ya ƙoshi. Yaya ta ce ita ba za ta ƙara yi wa ƙwari girki ba. Ta koma sai mai saye ya faɗi abin da yake so ta waya sannan a hura masa wuta. Ɗakinta ya koma wayam, har wasu suka fara raɗe-raɗin ta karye. Ta bar su suna ta yi, kayanta kuwa suna fita da ɗuminsu.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ta jingina wayar a kan katanga ta ɗauki bidiyon kanta tana aiki. Kanta fa, ba wani ba. Da ta zauna kallo sai ta kwashe da dariya har da hawaye, ta ce, “Auta, zo ka ga wata mahaukaciya tana zarya tsakanin rijiya da murhu kamar ta yar da kuɗinta.” A makon aka matso da wurin wanki kusa da murhu. Tafiyar da innarmu ta yi ta yi har ƙafafunta suka gaji, ashe babu wanda ya aiko ta sai sabo.

Dokarta ita ce gyara ɗaya a lokaci guda. Ta ce idan ka canza abu biyu tare, aka samu sauƙi, ba ka san wanda za ka gode wa ba. Kuma ba kowane gyara ne yake ci ba. Da itace ya yi tsada ta gwada hura wuta da ƙaiƙayin shinkafa zalla, kifin ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci. Ita da kanta ta kwashe shi duka ta juye a kwandon har ya yi tozo, ta ɗauki hoto, ta aika wa masu sayenta da murya tana cewa kayansu zai makara, wannan dabararta ce ta ƙi. Na ce mata, “Haba Yaya, har da su?” Ta ce to su wa za ta aika wa, ni da ban taɓa sayen ko kai ɗaya ba?

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya nake kwatantawa. Yaya tana da baki, wallahi. Idan ka makara za ka ji a jikinka, idan ka yi mata ƙarya kuwa sai ka gwammace duka. Ta taɓa kora ta da muciya don na ɗauki kifi daga raga maimakon daga kwando. Amma duk zafinta, a bakin kwandon nan muryarta takan sauka. Tabawa, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta gaya mini cewa ta taɓa ƙona raga guda sukutum, ta kawo ta zuba. Yaya ta dubi kifin, ba ta dubi Tabawa ba, ta ce, “Wannan murhun iska tana shigarsa ta gabas, ku zo mu gani.” Tabawa ta ce tun daga ranar ta san a gidan za ta tsufa.

Ciwon ajalinta bai ja lokaci ba. Bayan an yi sadakar bakwai, jikoki suka ce a duba wayarta a samo hotonta a wanke a rataye. Muka duba har muka gaji. Kwando, kwando, kwando, babu fuskarta ko sau ɗaya, bidiyon nan ma ta riga ta goge shi. Abin da kawai ya fito nata shi ne yatsun ƙafarta da jan lalle, a can ƙasan kowane hoto, saboda yadda take tsayawa dab da kwandon. Ni da ban yi kuka a maƙabarta ba, a nan na yi.

Bukar ne ya karɓi gidan, kuma ina alfahari da shi. Ya gaya mini abin da uwarsa take yi yana da suna a littattafansu, har manyan masana'antu a ƙasashen waje haka suke aiki: rage ɓarna, hana kaya zama, gyara kaɗan-kaɗan kullum. Ya ɗora daga inda ta tsaya. Ya kawo murhun ƙarfe mai ƙofa, mai ma'aunin zafi da yake aika masa labari a waya, idan wuta ta yi yawa wayar ta yi ƙara. Ya sa sola, ya sa firiza don kifi ya daina jira a rana, ya sayo injin liƙe leda. Hayaƙin da ya ci idon matan unguwarmu shekara da shekaru ya ragu ƙwarai. Da Yaya za ta dawo ta ga wannan, na rantse da sai ta yi guɗa, ko da yake ba za ta yi a gabansa ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba balle ta yabe shi a idonsa. “Yaron nan” take cewa.

Ya kuma sa kyamarori a kowace kusurwa. Kwandon yana nan a zaure, bai taɓa shi ba. Sai dai a hankali ya fara raguwa, har ya koma babu komai a ciki. Wata rana ya nuna mini shi yana murna ya ce, “Kawu, ka ga kwandon Inna? An daɗe ba a jefa ko ƙaya ba.” Na taya shi murna, amma na tafi gida zuciyata ba daɗi. Duk tsawon rayuwar Yaya ban taɓa ganin gindin kwandon nan ba. Inda akwai wuta da kifi da hannun ɗan Adam, ta yaya za a ce babu kuskure?

Ba a jima ba matsala ta ɓullo. Wata mata mai manyan shaguna a Abuja, wadda ita ce take ɗaukar mafi yawan kayan gidan, ta dawo da kwalaye ta ce kifin yana fumfuna a cikin leda. Ta ce idan aka sake, ta haƙura. Idan ta tafi kuwa, rabin matan gidan sai sun koma gida su zauna, cikinsu har da masu riƙon marayu. Bukar ya bi duk abin da na'urorinsa suka rubuta, zafi daidai, lokaci daidai. Ya tara ma'aikata ya tambaye su, kowa ya ce shi bai ga komai ba. Yaron nan ya rame a tsaye.

Ni ba gwanin banda ba ne, ci kawai na iya. Abin da na lura da shi kyanwoyi ne. Ina bin lungun bayan gidan idan zan je masallaci, sai na ga kyanwoyin unguwa sun mayar da gindin katangar nan majalisa, kuma sun yi ɓul-ɓul kamar ana kiwonsu. Ga ƙayoyi ko'ina. Na ɗaga kai na duba, nan ne kaɗai wurin da kyamara ba ta kaiwa. Na sami Tabawa a gidanta, muka gaisa, na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah. Ta ce wata rana tire ya suɓuce wa ɗaya daga cikin matan, sai Bukar ya kira ta ya nuna mata kanta a waya. Bai yi faɗa ba, bai rage mata komai ba, nuna mata kawai ya yi don ta kiyaye. Amma tun daga ranar kowa ya gane cewa yanzu gidan ya san wa ya yi. Wanda ya lalace a fili sai a wurga shi bayan katanga, wanda ake shakka a kansa sai a rufe ido a liƙe a leda.

Na kamo hannun Bukar na kai shi lungun. Ban yi masa wa'azi ba, na nuna masa kyanwoyin kawai na ce, “Ga inda kwandon uwarka ya koma.” Washegari da safe ya ɗauko tsani da kansa, a gaban kowa, ya juya kyamarorin. Ɗaya ta kalli ƙofar waje, ɗaya ta kalli ma'aunin murhu, sauran ya cire. Ya ce daga yau an koma yadda ake. Matan suka ce to, Allah ya saka da alheri. Aka yi kwanaki kwandon yana nan wayam. Tsoro idan ya shiga gida ba da sanarwa yake fita ba.

Ranar da za a ɗora kayan matar Abuja a mota ina wurin. An riga an liƙe, an jera kwalaye, direba yana ta duba agogo. Sai Bukar ya ce a dakata. Ya farke kwali ɗaya, ya zaɓo tarwaɗa mafi girma ya karya ta biyu. Waje ya bushe ƙayau, ciki kuwa da damshi. Ya karya wata babba, haka. Ya karya ƙarama, lafiya lau. A nan ya gane. Da ciniki ya buɗe, shi ne ya fara haɗawa da kifin kiwo, wanda ya fi na kogi girma da maiƙo, amma bai ƙara wa murhun lokaci ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta faɗa. Hannayen da suke juya kifin sun daɗe da jin nauyinsa, bakinsu ne aka rufe.

Ya sunkuci kwalin ya nufi zaure. Ya juye shi a kwandon, ya koma ya ɗauko wani, har ya cika ya zube a ƙasa. Ya ɗago ya ce, “Ga nawa.” Sannan ya tsaya a kan kwandon ya ɗauki hoto, ya aika wa matar da bayanin abin da ya faru, ya ce kayanta zai makara. Na ce a raina shi ke nan, ciniki ya tafi. Muna nan tsaye sai Tabawa ta matso, ta kwance bakin zaninta, ta fito da karyayyun kifi da ta ƙulle tun safe da niyyar kai wa kyanwoyi, ta ɗora a sama. Wata ma ta biyo ta.

Matar ta rage odarta, ba zan ɓoye ba, kuma sai bana ta fara mayar da ita yadda take. Amma ba ta tafi ba, kuma babu matar da aka sallama. Yanzu manyan kifi suna da murhunsu da lokacinsu daban, kuma matan ne suka ce a riƙa karya ɗaya daga kowace raga kafin a liƙe. Bukar ya ce wannan ne gyara mafi amfani da aka yi tun da ya karɓi gidan, kuma bai ci ko sisi ba.

Nakan tambayi kaina me ya rage na Yaya bayan shekara bakwai. Murhunanta na laka an rushe su, rijiyar an rufe, ko kwandon ma ba shi ba ne, an sake wani. Wayarta ta daɗe da mutuwa. Na'urorin da suka zo bayanta sun fi duk abin da ta taɓa mafarki, kuma na tabbata da ta rungume su hannu biyu, don ba ta taɓa jin tsoron sabon abu ba. Abin da ta sani, wanda ya rage mana, shi ne inda ake juya idon na'ura. Ita a kan kifi ta ɗora shi, da kan kanta.

Yanzu kullum bayan la'asar hoton kwandon yana shigowa wayata, don Bukar ya sa ni cikin waɗanda ake aika wa, wai don in daina zagaye ta lungu. Na jiya ba shi da yawa, 'yan karyayyu ne da wani ƙonanne guda. Na daɗe ina kallonsa, sai idona ya sauka can ƙasan hoton. Ga yatsun ƙafar yaron nan sun leƙo, dab da kwandon. Babu lalle, amma ƙafar uwarsa ce sak.

Allah ya kai haske kabarinki, Yaya. Kwandonki bai bushe ba.